Ƙwaya ko Ganye: Nazarin Dalilan Saɓanin Sakamakon Feshin Darbejiya a Lambun Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa feshin darbejiya, wadda ake kira dogon yaro ko maina ko bedi gwargwadon yanki, yake amfanar wani mai lambu ya kuma kasa amfanar maƙwabcinsa, alhali daga bishiya ɗaya suke ɗiba. An kwatanta abin da masana kimiyyar ƙwari suka tabbatar game da sinadarin da ke cikin bishiyar da yadda ake haɗa maganin a gidaje, aka kuma gano cewa saɓanin yana fitowa ne daga sashen bishiyar da ake amfani da shi, da yadda ake sarrafa shi, da kuma ma'aunin da mai lambu yake auna nasara da shi, wanda shi ne mafi girman dalilan.

Gabatarwa

Lambun gida shi ne ɗan filin da ake warewa a bayan ɗaki ko gefen rijiya domin shuka alayyahu da yakuwa da kuɓewa da tumatir da barkono, sau da yawa da tushen zogale ɗaya ko biyu a jikin katanga, kuma mata da yara ne suka fi kula da shi. Babban abin da ya bambanta shi da gona shi ne ba shi da ranar girbi, domin kullum ana tsinkar abin miya a cikinsa, wani lokaci ma tukunya tana kan murhu. Wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai idan aka zo batun maganin ƙwari, saboda kowane maganin feshi na kanti yana da wa'adin jira, wato kwanakin da dole a bari su wuce tsakanin feshi da tsinka kafin ragowar gubar ta sauka zuwa matakin da ba ya cutarwa. Manomin da ke da kadada guda ta kabeji yana iya tsara feshinsa da wannan wa'adi, amma uwargidan da ke buƙatar ganyen miyar dare ba za ta jira mako biyu ba. Batun ragowar guba a abinci kuwa ba baƙo ba ne a wannan yanki, tunda a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar sinadarin daikulobos da aka samu a cikinsa. Saboda haka neman maganin da mai lambu zai haɗa da hannunsa, ya fesa, ya kuma ci ganyen ba da fargaba ba, larura ce ta lafiyar iyali, kuma darbejiya ce ta fi cancanta a fara dubawa, domin da wuya a sami unguwa daga Maiduguri zuwa Tawa da babu inuwarta.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Asalin darbejiya, wadda masana ke kira Azadirachta indica, yankin Indiya da Bama ne, kuma a farkon ƙarni na 20 aka shigo da ita Afirka ta Yamma domin inuwa da itacen girki. Daga baya ta zama bishiyar kare iska, kamar yadda aka yi a kwarin Majiya da ke Nijar tun daga 1975. Binciken zamani a kan tasirinta ga ƙwari ya faro ne daga Sudan a 1959, inda masanin ƙwari ɗan Jamus Heinrich Schmutterer ya lura cewa tarin fara ya cinye ganyen itatuwa ya bar darbejiya. A 1968 Butterworth da Morgan suka ware sinadarin da ke hana farar ci daga ƙwayar bishiyar a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin, kuma rahoton Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka na 1992 ya nuna cewa ruwan darbejiya yana tasiri a kan nau'o'in ƙwari fiye da 200.

A muhawarar maganin ƙwari akwai ɓangarori biyu. Masu ganin cewa maganin kanti ne kaɗai abin dogaro ba sa buƙatar doguwar amsa. Tsutsar kabeji da ake kira Plutella xylostella ita ce ƙwaron amfanin gona na farko da aka ruwaito ya daina jin maganin DDT, tun a 1953 a tsibirin Jaba, kuma tun daga nan take bijire wa kusan kowane sabon magani da aka fito da shi, abin da masu noman rani suka sani da idonsu ba sai an karanta musu ba.

Ɓangaren da ya fi buƙatar a tsaya a kansa shi ne na masu goyon bayan magungunan gargajiya, domin ɓarnar da kyakkyawar niyyarsu take yi ta fi ɓoyuwa. A tarukan horar da mata da shirye-shiryen rediyo da saƙonnin waya ana yawan bayar da haɗi guda: a samo ganyen darbejiya da barkono da tafarnuwa da ganyen taba, a daka, a tafasa, a zuba toka da sabulu, a tace, a fesa. Wannan haɗi yana tafiya ne a kan zato biyu, wato duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutar da mutum, kuma duk abin da ya fi ɗaci ko yaji ya fi kashe ƙwari. Zato na farko kuskure ne mai haɗari. Nikotin da ke cikin taba guba ce mai ratsa fatar mai feshi, kuma an janye ta daga jerin magungunan ƙwari a Turai da Amurka, sannan ganyen taba yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama tumatir da barkono. Magimfa, wadda masunta suka daɗe suna bugar da kifi da ita, tana ɗauke da sinadarai dangin rotinon, kuma gwajin da aka yi a kan ɓeraye a shekarar 2000 ya danganta rotinon da alamomin ciwon karkarwar jiki. Zato na biyu shi ne ya jawo ake cusa abubuwa biyar ko shida a tukunya ɗaya, ta yadda ko haɗin ya yi aiki ba a san wanne ya yi ba, idan kuma ya gaza ba a san wanne ya ɓata sauran ba. Murray Isman, wanda ya daɗe yana kare magungunan tsirrai, ya kuma yi jayayya a 2008 cewa ƙananan manoma na ƙasashe masu tasowa ne suka fi cancantar cin moriyarsu, shi da kansa ne ya koka tare da Grieneisen a 2014 cewa rubuce-rubuce a wannan fanni sun yi yawa amma kaɗan ne ake iya dogara da su, saboda yawancinsu ba su bayyana sinadaran da ke cikin abin da aka gwada ba. Bitar da Dougoud da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 a kan magungunan tsirrai da ake haɗawa a gida ita ma ta nuna cewa sakamakonsu yana hawa da sauka. Abin da waɗannan ayyuka ba su tsaya a kansa sosai ba shi ne mutumin da ke riƙe da tsintsiyar yayyafi, da abin da yake sa ran gani washegari.

Hanyar Bincike

Binciken na nazarin rubuce-rubuce ne. An ɗauki abin da aka tabbatar game da inda azadiraktin yake taruwa a jikin bishiya, da yadda yake aiki a jikin ƙwaro, da abubuwan da ke lalata shi, musamman daga bitar Schmutterer ta 1990 da ta Mordue da Blackwell ta 1993 da rahoton 1992 da aka ambata, sannan aka bi matakan haɗin gida ɗaya bayan ɗaya ana tambayar abin da kowane mataki yake yi wa sinadarin.

Sakamako da Tattaunawa

Abu na farko da kwatancen ya fito da shi shi ne azadiraktin yana taruwa ne a ƙwayar da ke cikin ɗan darbejiya, inda ake samun kimanin miligiram 2 zuwa 4 a kowane giram, yayin da abin da ke cikin ganye ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ganye yana da nasa sinadaran masu ɗaci, kuma busasshensa ya daɗe yana kare hatsi da tufafi daga ƙwari a Indiya, sai dai ɗacin da harshen mutum yake ji ba shi ne ma'aunin ƙarfin magani ba. Ga dukkan alamu al'adar tafasa ganye ta shigo lambu ne daga ɗakin jinya, domin abin da mutanen wannan yanki suka fi sanin darbejiya da shi shi ne dafa ganyenta a sha ko a yi surace saboda zazzaɓi, don haka da aka ce tana maganin ƙwari sai hannu ya tafi ga ganye da tukunya, 'ya'yan kuwa ana share su da tsintsiya a zubar a juji.

Haɗin da aka fi gwadawa a Indiya da Afirka mai sauƙi ne. Ana tattara 'ya'yan da suka nuna suka yi ruwan ɗorawa, ko waɗanda jemagu suka tsotse suka yar a gindin bishiya, a wanke naman da ke jikinsu, a shanya su a inuwa mai iska har su bushe, a sussuka a turmi a sheƙe ɓawon, sannan a daka ƙwayar. Giram 50 na dakakkiyar ƙwaya ake jiƙawa a lita ɗaya ta ruwan sanyi a bar shi ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi. Wanda ba shi da sikeli yana iya auna giram 50 sau ɗaya a kasuwa, ya zuba a gwangwani ya yi alama, gwangwanin ya zama ma'auninsa. Bishiya ɗaya da ta girma tana iya ba da 'ya'ya har kilo 50 a shekara, wanda ya ishi lambun gida ya yi saura.

Abu na biyu shi ne abubuwa uku suna rage ƙarfin sinadarin, biyu daga cikinsu kuwa matakai ne na haɗin tafashe da ya yaɗu. Zafi yana lalata azadiraktin, saboda haka tafasawa asara ce. Ya fi daɗewa a ruwa mai ɗan tsami, yana kuma saurin lalacewa a ruwa mai kaifin kanwa, wanda ke nufin toka da kanwa da sabulu mai yawa suna cinye abin da aka sha wahalar jiƙawa, kuma ɗan sabulun da ake sawa domin ruwan ya kama ganye ya kamata ya zama kaɗan, a kuma sa shi dab da feshi. Hasken rana ma yana karya shi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa feshin yamma ya fi na hantsi, kuma dole a maimaita kusan kowane mako muddin ƙwarin suna nan.

Abu na uku shi ne wanda wannan maƙala take ganin ya fi sauran bayyana saɓanin, domin yana iya sa a yanke wa maganin hukuncin gazawa ko da an haɗa shi daidai. Yawancin magungunan kanti suna kai hari ne ga jijiyoyin ƙwaro, shi ya sa mai feshi yake ganin tsutsa tana murɗewa ta faɗo kafin ya wanke hannunsa, kuma shekaru da dama na ganin haka sun koya wa mutane cewa gawar ƙwari a ƙasa ita ce shaidar magani. Azadiraktin ba ya bin wannan hanya. Aikinsa na farko shi ne hana ci, inda yake taɓa gaɓoɓin ɗanɗano na ƙwaro har ya ƙi ganyen, kuma farar hamada da tsutsotsin malam-buɗe-littafi sun fi jin wannan, yayin da ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, irin su darɓa, ba sa jin sa sosai. Aikinsa na biyu, wanda ya fi zurfi, yana da alaƙa da yadda ƙwaro yake girma. Fatar tsutsa ba ta miƙewa, don haka sai ta yi saɓa sau da dama, kamar yadda maciji yake yi, kafin ta kai matakin da za ta rikiɗa ta yi fiffike. Wani sinadarin jiki mai suna ekdaison ne yake ba da umarnin saɓar, shi kuma yana jiran saƙo daga ƙwaƙwalwar ƙwaron, kuma azadiraktin yana toshe wannan saƙo. Tsutsar da ta ci ganyen da aka fesa tana rage ci, ta yi sanyi, ta zauna a kan ganye da ranta, har lokacin saɓa ya zo ta kasa fita daga tsohuwar fatarta ta mutu, ko ta fito da naƙasa. Waɗanda suka tsira suka girma kuwa ƙwan da suke yi yana raguwa.

Ma'anar wannan ga uwargida mai lambu ita ce idan ta fesa da yamma ta fito da safe za ta tarar da tsutsar a inda ta bar ta. Idan ma'auninta gawa ce, hukuncin da za ta yanke a nan take shi ne maganin bai yi ba, kuma mataki na gaba shi ne ta aiki yaro kanti. Feshin da zai biyo baya zai kashe tsutsar da dama ta daina ɓarna, ya kuma haɗa da masu cin ta. Wannan asara ta biyu ba a cika lissafa ta ba, alhali lambun gida cike yake da mafarauta. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a kusurwar bango, kuma duk wanda ya taɓa fasa irin wannan ɗaki ya ga tsutsotsi a jere a ciki, waɗanda ya harba ya sumar ya ajiye wa 'ya'yansa, da yawansu daga ganyen lambun ya ɗebo su. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da ƙananan ƙwari masu jan baya da ɗigon baƙi waɗanda ke cin darɓa duk aiki ɗaya suke yi. Da yake azadiraktin ya fi aiki a jikin wanda ya ci ganye, cutarwarsa ga waɗannan mafarauta ba ta kai ta maganin jijiya ba, kodayake ba a ce babu ita sam ba. Girman abin da mafarauta ke iya yi kuwa ya bayyana a gonakin gero na Nijar, inda cibiyar binciken noma ta INRAN da abokan aikinta suke sakin wata ƙaramar rina mai suna Habrobracon hebetor domin yaƙar tsutsar da ke cin zangarniya. Saboda haka jinkirin darbejiya ba aibi ba ne da za a nemi afuwa a kansa, domin a cikin kwanakin jinkirin ne tsutsar da ta raunana take zama abincin zanzaro, yawan mafarauta kuma yake ƙaruwa.

Abin da ya dace a koya wa masu lambu shi ne su sauya abin da suke dubawa, kuma ana iya yin haka ba tare da wani kayan aiki ba. A ranar feshi a ɗaura zare a ganyen da ya fi kowanne sabunta a kan tushe uku ko huɗu, bayan kwana biyar zuwa bakwai a duba ganyayen da suka fito a saman zaren. Tsofaffin ramuka ba sa cikewa, kuma su ne suke ruɗin ido, amma sabon ganye yana nuna ko ana ci ko an daina. Haka kuma ana iya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin tushen da dare, domin tsutsar da ke ci tana zubar da kashi baƙi ƙanana, wadda ta daina ci kuwa ba ta zubarwa, ko da tana nan manne da ganye. Daga wannan kuma wata ƙa'ida take fitowa game da lokaci: tunda maganin yana kama tsutsa ne a wurin saɓa, ƙaramar tsutsa da ke da saɓa da yawa a gabanta ta fi shiga hannunsa fiye da wadda ta ƙoshi ta kusa rikiɗa. Mai zogalen da ya jira har tsutsar Noorda blitealis ta mayar da ganyen saƙa kafin ya jiƙa ƙwaya ya makara, wanda kuma yake juya bayan ganye kowace safiya ya fesa da ganin ƙananan farko shi ne zai ce darbejiya tana aiki. Duk shirin horarwa da ya koyar da haɗi ya bar wannan bayani ya tura mutane ne su gwada abin da za su yi watsi da shi cikin kwana ɗaya.

Iyakokin Binciken

Dole a amince cewa wannan nazari bai auna yawan sinadarin da ke cikin ƙwayar kowane yanki ba, kuma an san yawan yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya da kuma gwargwadon yadda aka adana ƙwayar, sannan ruwa ba ya fitar da dukkan abin da ke cikinta. Ƙwayar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoksin, don haka zubar da ita ya wajaba, kuma man darbejiya ba abin sha ba ne, tunda an ruwaito ya yi wa jarirai mummunar illa a Indiya da Malesiya. Ruwan feshin yana cutar da kifi idan ya shiga tafki, ba a kuma so a fesa shi a kan fure lokacin da ƙudan zuma ke kiwo, kuma ganyen da aka fesa yana buƙatar wanki sosai kafin a dafa saboda ɗaci. Akwai kuma ƙwarin da bayanin saɓa bai shafe su ba. Ƙananan ƙwari masu tsalle na dangin Podagrica, waɗanda ke huda ganyen kuɓewa da rama, manya ne da suka gama saɓa, saboda haka abin da darbejiya ta fi yi musu shi ne kora. Tsutsar tumatir Tuta absoluta, wadda ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a 2016, tana shigewa cikin naman ganye da cikin ɗan tumatir inda feshi ba ya isa sosai, kuma a kanta dole a haɗa da tsinke ganyen da ya kamu a binne ko a ƙona, da tuge tsofaffin tushe bayan an gama ɗiba, da barin kwamin tumatir ya huta a shuka wani abin da ba danginsa ba.